Kowa ya zo da mara lafiyarsa: abin da ya riƙe mutane a zaman horon ECHO

Duk wanda ya taɓa gabatar da horo ta Zoom ya san wannan shirun. Ka gama bayani, ka ce "ko akwai mai tambaya?", sai ka ga allo cike da baƙaƙen akwatuna, kowanne da suna a ƙasansa, ba fuska, ba motsi. Ni ma na ɗanɗana. Wata ƙungiya ta taɓa ba ni aikin horar da ma'aikatanta da ke warwatse a jihohi kan yadda ake cike rahoton wata-wata. Na kwana ina haɗa shafukan nunawa, na yi musu ado da launi. Ana tsaka da zaman makirufon wani ya buɗe bai sani ba, duka muka ji shi yana cinikin tattasai, har yana rantsuwa cewa jiya ƙasa da haka ya saya. Da na kammala kuwa, tambaya ɗaya tak na samu: "Ranka ya daɗe, a ina za mu sa suna a takardar halarta?"

Na daɗe ina ɗora laifin a kan sabis, da tsadar data, da halin mutanenmu. Abin da ya sauya min tunani shi ne labarin wani shirin horo mai suna ECHO da aka fara tun Zoom bai zo duniya ba, a wata jiha ta Amurka mai hamada da tsaunuka, inda ma'aikatan lafiya da aiki ya yi wa katutu suke barin komai su zauna gaban kyamara awa biyu duk mako, shekara da shekaru, ba tare da an biya su kuɗin zama ba.

Jihar ita ce Niyu Meksiko. Faɗinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na Najeriya, amma mutanenta ba su wuce miliyan 2 da kaɗan ba, da yawansu a ƙauyuka masu nisa da juna. A 2003 an ƙiyasta mutum kimanin 28,000 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C a jihar, kuma waɗanda suka samu magani ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dokta Sanjeev Arora, ɗan asalin Indiya, yana cikin 'yan tsirarun ƙwararrun da ke duba wannan ciwo, a asibitin Jami'ar Niyu Meksiko da ke birnin Albukarki. Mai son ganinsa sai ya bi layi na watanni, har layin ya kai wata 8. Wasu sai sun yi tafiyar kilomita 400, kusan Kano zuwa Abuja, kuma ba sau ɗaya ba: kafin a gama magani mutum kan yi zuwa wajen 18.

Maganin lokacin ma ba na wasa ba ne. Allurar intaferon ce sau ɗaya a mako, da ƙwayoyin ribabirin kullum, tsawon mako 24 ko 48. Yana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, yana rage jini, yana jefa wasu cikin matsananciyar damuwa. Likitan ƙaramin asibiti yana da dalilinsa na jin tsoron taɓa shi. Arora ya sha ba da labarin wata mata mai shekara 43, uwar 'ya'ya biyu, da ta san tana da ciwon shekaru da dama amma nisa da layi suka hana ta zuwa. Ranar da ta iso gabansa, ciwon ya riga ya zama dajin hanta. Ba ta yi nisa ba ta rasu.

Abin da ya yanke shi ne, tunda ba zai iya ganin kowa ba, bari ya mayar da likitoci da nas-nas na ƙauyuka masu iya yin aikin da kansu. Ya zagaya jihar da mota, asibiti bayan asibiti, har da na gidajen yari, yana neman waɗanda za su yarda. Aka kira shirin Project ECHO, takensa kuma shi ne a kai ilimi inda mutane suke, maimakon a kwaso mutane zuwa inda ilimi yake. Har nan babu abin mamaki, don kowa ya iya cewa zai koyar daga nesa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka tsara awa biyun nan.

A cibiya, wato Albukarki, ba mutum ɗaya ke zama ba. Akwai likitan hanta, da masanin haɗa magunguna, da likitan ƙwaƙwalwa saboda damuwar da intaferon ke kawowa, da nas. A ɗaya ɓangaren kuma ma'aikatan ƙananan asibitoci ne, kowa daga ɗakinsa. Ana farawa da gabatar da kai, kowa ya faɗi sunansa da inda yake. Wannan kaɗai ya riga ya karya shirun: bakin da ya buɗe sau ɗaya a farkon zama bai cika nauyin buɗewa na biyu ba. Akwai ɗan gajeren darasi, minti 10 zuwa 20, kan batu guda. Sauran lokacin duka na marasa lafiya ne, kuma ba ƙwararru ke kawo su ba.

Mu ƙaddara wata nas ce a wani ƙaramin gari. Tun kafin ranar ta cike takarda ta aika cibiya, ba suna, ba adireshi, ba duk abin da zai nuna ko wane ne mara lafiyan. Da aka zo kanta sai ta karanto: namiji, shekara 50 da ɗoriya, yana mako na 8 da fara magani, jininsa ya yi ƙasa, ya ce ba ya iya barci, matarsa ta ce ya daina magana da kowa a gida. Tambayarta: ta rage ribabirin ne, ko ta dakatar da maganin gaba ɗaya? Mai jan zaman zai maimaita labarin a taƙaice, ya tambaye ta ko ya faɗa daidai. Daga nan sai a buɗe ƙofar tambayoyin neman ƙarin haske, amma ba ƙwararru ke farawa ba. Takwarorinta na sauran ƙauyuka ake fara kira. Wani ya tambayi nawa jinin yake makon jiya. Wata ta tambaya ko ya taɓa shan giya, ko ya koma sha. Sai sun gama sannan cibiya ta yi nata tambayoyin. Da aka zo shawara ma haka: na ƙauye su fara faɗin abin da za su yi da a ce nasu ne, ƙwararru su zo daga baya, su ƙarfafa abin da ya yi daidai, su gyara abin da ya kauce ba tare da kunyata kowa ba. A ƙarshe a taƙaita, a rubuta shawarwarin a aika mata. Mara lafiyan yana nan hannunta. Ita za ta yanke hukunci, ita za ta dube shi gobe da safe, kuma bayan 'yan makonni za ta dawo da labarinsa.

Wannan jerin na wa zai fara magana, a ganina, shi ne ƙashin bayan shirin, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi saurin yarwa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a taron da babba ya riga kowa magana. Da zarar farfesa ya ce ga yadda za a yi, magana ta ƙare. Wa zai ɗaga hannu ya ce shi a nasa asibitin ba haka yake gani ba? Amma idan an san cewa kai za a fara tambaya, kuma ba ka san lokacin da za a ambaci sunan garinku ba, to ba ka da damar barin waya a aljihu ka shiga kasuwa. Kuma ba wai dabara ce kawai ta tsare mutane ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nas ɗin da ke ƙauye ta san cewa gwajin da littafi ya ce a yi duk mako sai an yi tafiyar awa biyu kafin a same shi, ta san wane mara lafiya ne ba shi da firjin ajiye allura. Ƙwararren da ke birni yana koyon wannan daga bakinta. Shi ya sa suke cewa a zamansu kowa malami ne, kowa ɗalibi ne.

Da farko abin ya zo min sabo, amma da na natsu sai na ga na san shi tun ina yaro. Haka makarantar zaure take. Malam na zaune, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da nasa littafin. Wannan ya buɗe Ahalari, ya karanta layinsa, malam ya fassara. Na gaba ya buɗe Ishmawi, wani Risala. Babu wanda ke tashi don karatun ba nasa ba ne. Na ƙasa yana sauraron na sama yana tsintar abin da zai tarar gaba, na sama yana jin na ƙasa yana yin tilawar abin da ya wuce. Kuma kowa ya san layi na zuwa kansa, in bai duba karatunsa ba zai ji kunya a gaban 'yan'uwa. Ban taɓa ganin malamin zaure yana neman dabarar hana ɗalibai gyangyaɗi ba.

Gajartar darasin ma ba a banza take ba. A 2014 wasu masu bincike, Philip Guo da abokan aikinsa, sun bi diddigin kallon bidiyon darussa sau miliyan 6.9 a dandalin edX na karatu ta intanet. Suka gano cewa komai tsawon bidiyon, yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti 6 suna tare da shi. Bidiyon da aka naɗa daban yake da zaman kai-tsaye, gaskiya ne, amma kunnen ɗan Adam ɗaya ne. Wani nazarin da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa cikin waɗanda suka yi rajistar darussan intanet na kyauta na jami'o'in Harvard da MIT a zangon 2017 zuwa 2018, kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin 100 ne suka kai ƙarshe. Manyan malaman duniya ke nan, da kayan aiki na gani na faɗa. Ashe ba ingancin mai magana ba ne matsalar. Mai sauraro ne ba shi da wani abu nasa a cikin zaman, kuma in ya fice babu wanda zai lura.

A ECHO kuwa za a lura. Fuskokin nan dai su ne kowane mako. An san wadda ke da mara lafiyan da ya daina magana da iyalinsa, kuma ana son jin yadda ya ƙare. Ma'aikacin lafiya a ƙauye mai nisa sau da yawa shi kaɗai ne, ba shi da abokin shawara. Zaman ya zame masa majalisa. Akwai kuma ɗan abin hasafi: ana ba su makin ci gaba da karatu da hukumomin lasisi ke nema daga ma'aikatan lafiya, kyauta. Ban raina wannan ba, don takardar shaida tana kawo mutum bakin ƙofa. Amma mai cinikin tattasai ma takardar shaida ce ta kawo shi nawa zaman.

To, shin an koyi wani abu, ko dai hira ce mai daɗi? A Yunin 2011 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon marasa lafiya 407. An yi wa 146 magani a asibitin jami'a a hannun ƙwararru, 261 kuma a wurare 21 na ECHO, 16 a garuruwa da ƙauyuka, 5 a gidajen yari. Waɗanda suka rabu da ƙwayar cutar a asibitin jami'a kashi 57.5 ne cikin 100. A wuraren ECHO kashi 58.2. Munanan illolin magani sun samu kashi 13.7 na marasa lafiyan jami'a, amma kashi 6.9 kawai a wuraren ECHO. Wato nas da likitan ƙauye, da horon mako-mako ta kyamara, sun yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun birni a ɗaya daga cikin magunguna mafi wuyar sha'ani na wancan zamani. Arora ya ce layin asibitinsa ya sauko daga wata 8 zuwa mako 2.

Sai dai kada a yi wa alƙaluman nan kallon wahayi. Ba ƙuri'a aka jefa wajen raba marasa lafiyan gida biyu ba, kowa ya je inda ya fi masa kusa ne, don haka mai yiwuwa waɗanda suka isa asibitin jami'a sun bambanta da na ƙauye ta wasu fuskoki. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a Disambar 2016 da ta umarci a nazarci tsarin, kuma rahoton da aka miƙa mata a 2019 ya ce sakamakon da ake gani mai kyau ne, amma hujjojin da ke nuna tasirinsa a kan lafiyar marasa lafiya ba su yi kauri ba tukuna. Yawancin nazarce-nazarcen tambayar mahalarta suke yi ko sun ji sun ƙaru, kuma wa zai ce bai ƙaru ba bayan an karrama shi?

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai shirya horo ya faɗa wa kansa gaskiya a kai. Mutanen Arora suna da wuta a gindinsu. Akwai rai a hannunsu, ga magani mai haɗari, ga tsoron kuskure. Wanda ke cikin wannan hali ba sai an roƙe shi ya saurara ba. A ƙarshen 2013 aka amince da wani sabon magani mai suna sofosbubir, aka shiga zamanin ƙwayoyin da ke warkar da ciwon cikin kimanin mako 12 ba tare da azabar intaferon ba, buƙatar riƙe hannun likita mako-mako ta ragu a wannan fanni. Tsarin bai mutu ba, ya bazu ne zuwa ciwon suga, da ciwon jiki mai daɗewa, da shaye-shaye, da HIV, har da horar da malaman makaranta. Namibiya ce ta fara shi a Afirka a 2015, da asibitoci 10, kan kula da masu HIV, kuma daga baya ya iso ƙasashe da dama har da Najeriya. Amma ko'ina ya je, tambayar tana nan: mahalarcin yana da matsalar da ke hana shi barci, wadda zaman zai warware masa? In babu, komai kyawun tsari, sai a hankali.

Annobar korona ta gwada wannan sosai. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga tarukansa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Zaman ECHO ma suka kumbura, wasu har ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Labari ya isa ga mutane da sauri, wannan alheri ne. Amma mutum 500 ba za su gabatar da kansu ɗaya bayan ɗaya ba, ba za a kira garin kowa ba, kuma mai kawo labarin mara lafiya ya koma ɗaya cikin taro. Sunan yana nan, amma zaman ya koma lacca da akwatin rubuta tambaya a gefe. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya bayyana dalilan gajiyar taron bidiyo: yawan kallon ido da ido a kusa, da ganin fuskarka kullum kamar mai riƙe da madubi, da zama wuri ɗaya ba motsi, da wahalar karanta alamun jiki ta allo. Shawarar buɗe kyamara, wadda ke da ma'ana a zaman mutum 20 da suka san juna, tana zama nauyi a taron da ba wanda zai yi maka magana. A wajenmu kuma nauyin har da na aljihu, don bidiyo shi ke cinye data, kuma shi ke fara yankewa in sabis ya yi rauni.

Da aka sake ba ni aikin horon nan na rahoton wata-wata, sai na gwada. Na raba mutanen rukuni-rukuni, kowanne bai kai 20 ba. Na zubar da yawancin shafukana, na bar na minti 10. Na ce kowane mako mutum biyu za su kawo rahoton da aka taɓa dawo musu da shi, a goge sunan wuri da na mutane, mu duba tare. Nan na gane abin da takardun ECHO ba su cika faɗa da ƙarfi ba: samun mai kawo matsala shi ne aikin. Ba wanda ke son ya fara tallar kuskurensa, balle a gaban na gaba da shi a ofis. Sai da na roƙi shugabannin su bar mana zaman, sannan na kira wata ma'aikaciya a waya da daddare.

"Hajiya, don Allah ki taimake ni ki buɗe mana gobe."

"Malam, so kake a yi min dariya?"

"Wallahi kuskuren da ke cikin naki, rabin mutanen nan shi suke yi. Ke dai ki karanto, sauran ki bar min."

Ta yarda da ƙyar. Tana cikin bayani sabis ɗinta ya ɗauke, ta turo sauran ta saƙon murya a WhatsApp, na kunna wa kowa. Na danne bakina, abin da ya fi komai yi min wuya, na kira sunan wata jiha na ce su me za su yi. Aka yi shiru na ɗan lokaci. Sai wani ya ce su a wajensu ba sa cike wannan gurbin ko kaɗan, don alƙaluman ba sa isowa sai bayan ranar rufe rahoto. Wata ta ce su ƙiyasi suke yi. Kafin ka ce kwabo gardama ta kaure, kuma a cikinta na fahimci cewa gurbin da na kwana ina shirya yadda zan koyar da cike shi, matsalarsa ba rashin sani ba ce, ranar da aka sa ce ba ta dace da yadda bayanai ke tahowa daga ƙananan hukumomi ba. Muka wuce lokaci da kusan minti 20, ba wanda ya fita.

Mako na biyu ma ya yi kyau. Mako na uku na yi sakaci ban kira kowa da daddare ba, na dogara cewa abin ya kama. Babu wanda ya kawo komai. Na yi darasina na minti 10, na tambaya ko akwai mai matsalar da zai kawo, baƙaƙen akwatunan nan suka zuba min ido. Muka yi addu'a muka tashi kafin rabin awa.